Tarihin Masana'antar Albarushi Ta Gretna: Garin Da Yaƙi Ya Haifa

Gabatarwa

Idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, abin da yakan fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne sojoji kwance cikin ramuka, da rugugin igwa, da sunayen manyan janar-janar. Littattafan tarihi na makaranta ma a nan suka fi tsayawa. To amma kowane harsashi da aka harba a fagen fama akwai hannun da ya yi shi, kuma sau da yawa hannun nan na wata yarinya ne da ba ta cika shekara 20 ba, wadda ba ta taɓa ganin fagen fama da idonta ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ɗaya daga cikin wuraren da irin waɗannan hannuwa suka yi aiki, wato masana'antar albarushi ta gwamnatin Birtaniya da aka kafa a Gretna, a kan iyakar Ingila da Sikotland. Ita ce mafi girma a cikin irinta a ƙasar a lokacin yaƙin. An gina ta cikin gaggawa, ta yi aiki shekara biyu da 'yan watanni, sannan aka rushe ta. Duk da gajartar rayuwarta, ta haifi garuruwa biyu, ta sa gwamnati ta shiga sana'ar da ba ta taɓa shiga ba, ta kuma sauya rayuwar dubban mata. Za mu duba dalilin kafa ta, da yadda take aiki, da mutanen da suka yi mata hidima, da kuma abin da aka saka musu da shi.

Ƙarancin harsashi na 1915

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Birtaniya ta shiga yaƙi a watan Agusta na 1914 da tunanin cewa za a gama cikin 'yan watanni, saboda haka tanadin harsashin da ta yi na gajeren yaƙi ne. Kafin shekarar ta ƙare rundunonin ɓangarorin biyu sun haƙa ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har zuwa iyakar Suwizaland, kowa ya kafe. A irin wannan yaƙi babu mai iya matsawa gaba sai ya fara ragargaza ramukan abokin gaba da wayoyin ƙayar da ya shinge kansa da su, wannan kuwa aikin igwa ne. Nan da nan igwa ta lashe abin da aka tara, har ta kai ana ƙayyade wa kowace igwa yawan harsashin da za ta harba a rana.

Ranar 9 ga Mayu 1915 sojojin Birtaniya suka kai hari a wani tudu da ake kira Aubers a arewacin Faransa. An yi asarar dubban mutane a yini ɗaya ba tare da an ci ko taƙi ba. Kwana biyar bayan haka, wato 14 ga Mayu, jaridar The Times ta buga rahoton wakilinta na harkokin soja, Kanar Charles Repington, inda ya ɗora laifin a kan rashin isassun harsasai masu fashewa. Bayan mako guda jaridar Daily Mail ta fito fili ta zargi Ministan Yaƙi, Lord Kitchener. Wannan surutu ya haɗu da murabus ɗin babban hafsan sojan ruwa, Admiral Fisher, sai gwamnatin Firayim Minista Asquith ta girgiza. Ranar 25 ga Mayu aka kafa gwamnatin haɗin gambiza, aka kuma ƙirƙiro sabuwar Ma'aikatar Makamai aka danƙa wa David Lloyd George. Ra'ayinsa shi ne gwamnati ta daina zuba wa 'yan kwangila ido kawai, ta gina masana'antunta da kanta. Gretna na cikin manyan 'ya'yan wannan shawara.

Mene ne kodayit?

Harsashin igwa yana buƙatar nakiya iri biyu. Akwai wadda ake ɗurawa a cikin harsashin don ya tarwatse idan ya isa inda aka aika shi. Akwai kuma wadda ake sawa a bayansa a cikin bututun igwa, ta ƙone ta tunkuɗa shi waje. Wannan ta biyun ita ce ke yin aikin albarushin da maharbanmu suka sani, kuma ita ce ake yi a Gretna. Sunanta kodayit, daga kalmar Ingilishi mai nufin igiya, domin zare-zare take fitowa. Masana biyu, Frederick Abel da James Dewar, su suka haɗa ta a 1889. Fifikonta a kan baƙin albarushi shi ne ta fi ƙarfi, kuma ba ta tayar da hayaƙin da zai tona asirin mai harbi.

Abubuwa uku ake haɗawa: audugar da aka jiƙa da asid ta zama mai saurin kama wuta, da wani ruwa mai maiƙo da ake kira naitirogilisarin, da ɗan basilin. Kafin su haɗu su zama ƙulli ɗaya sai an zuba wani sinadari mai narkarwa, wato asiton. A nan aka sami cikas, domin asiton daga itace ake tatso shi, akasarinsa kuma daga ƙasashen waje ake sayowa. An nemi mafita ta hanya biyu. Wani masanin kimiyya a Jami'ar Manchester, Chaim Weizmann, wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na farko, ya gano yadda ake samun asiton ta hanyar ruɓar da masara da wata ƙwayar halitta. Masana na gwamnati kuma suka sake tsarin haɗin gaba ɗaya, suka fito da wani nau'in kodayit da ba ya buƙatar asiton, sai barasa da eta, wato maganin nan da likitocin da ke shaƙa wa mara lafiya kafin tiyata. Wannan nau'i na biyu shi aka gina Gretna don ta yi.

Shi kuwa gilisarin daga mai da kitse ake samunsa, a wajen yin sabulu. Don haka gwamnati ta sa hannu a kan abin da kamfanonin sabulu ke fitarwa, aka riƙa roƙon matan gida su tara ƙashi da kitse. Man kifin teku da manja na Afirka ta Yamma duk sun shiga wannan lissafi. Ƙwarar manjar da kafin yaƙi akasarinta Hamburg ta Jamus ake kaiwa, yaƙi ya karkatar da ita zuwa tasoshin ruwan Ingila.

Dalilin zaɓen wurin

Kafin yaƙi Gretna ƙauye ne da aka fi sani da abu ɗaya: aure. Tun 1754, lokacin da dokar Ingila ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure ba da yardar iyaye ba, samari da 'yan mata kan gudo su tsallaka iyaka a ɗaura musu aure a maƙerar Gretna Green, domin dokar Sikotland ta fi sauƙi. Sai kuma ranar 22 ga Mayu 1915, a cikin makon da ake rikicin harsashi a Landan, sunan yankin ya sake fitowa ta mummunar hanya. Jiragen ƙasa sun yi karo a Quintinshill, kusa da Gretna, mutum sama da 200 suka halaka, akasarinsu sojoji ne da ke kan hanyar zuwa Gallipoli. Har yau ba a yi haɗarin jirgin ƙasa da ya kai shi muni a Birtaniya ba.

Dalilan da suka sa aka zaɓi wannan yanki a bayyane suke. Na farko, yana yamma, nesa da gaɓar gabas inda jiragen ruwan Jamus suka yi wa garuruwan Scarborough da Whitby da Hartlepool ruwan wuta a watan Disamba na 1914, nesa kuma da inda manyan balan-balan ɗin yaƙi na Jamus, wato Zeppelin, suka saba kaiwa. Na biyu, akwai fili mai faɗi a bakin mashigin tekun Solway, ba kowa sai 'yan gonaki da fadama, masana'antar nakiya kuwa tana son fili, domin dole a nisanta ɗakuna da juna. Na uku, akwai ruwa mai yawa a kogin Esk. Na huɗu, manyan layukan dogo da suka haɗa Ingila da Sikotland ta nan suka ratsa, ga kuma birnin Carlisle kusa, wanda mahaɗar jiragen ƙasa ce.

Ginin masana'anta

Mutumin da ya tsara masana'antar shi ne Kenneth Quinan, injiniya haifaffen Amurka da ke shugabantar wata masana'antar nakiya ta kamfanin De Beers kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. A ƙarshen 1914 aka aika masa ya zo Landan. Kamfanin S. Pearson & Son ne ya kula da aikin ginin, wanda ya kankama a rabin ƙarshe na 1915. Leburori sama da 10,000 suka yi dafifi a wurin, da yawansu daga Ayaland, suna aiki cikin taɓo da sanyin hunturu. Tun cikin 1916 aka fara fitar da kodayit.

Tsawon masana'antar mil 9 ne, daga Dornock a Sikotland zuwa kusa da Longtown a Ingila, wato ƙafarta ɗaya a wannan ƙasa, ɗayar a waccan. Tana da ƙaramin layin dogo nata na kanta mai tsawon mil 125 da kawunan jirgi 34. Tana da tashar lantarki, da ma'aikatar tace ruwa, da ofishin tarho, da gidan burodi, da gidan wanki, da 'yan kwana-kwana. An kashe mata kimanin fam miliyan 9, kuɗin da a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne.

Tun da babu gari a kusa da zai ɗauki wannan jama'a, sai aka gina garuruwa biyu, Gretna da Eastriggs. Wanda ya jagoranci tsara su shi ne Raymond Unwin, ɗaya daga cikin masu ra'ayin nan na cewa ya kamata ma'aikaci ya zauna a gari mai iska da itatuwa da faffaɗan titi. An fara da dogayen ɗakunan katako, har aka riƙa kiran wurin Garin Katako, daga baya aka yi na bulo, aka kuma tsara wasu ɗakunan kwanan ta yadda za a iya mayar da su gidajen iyali bayan yaƙi. An gina makarantu, da asibiti, da coci-coci, da gidajen silima, da zaurukan taro. Masana sinadarai da injiniyoyi sun zo daga Ostireliya da Kanada da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, shi ya sa titunan Eastriggs ke ɗauke da sunaye irin su Delhi da Pretoria da Vancouver da Melbourne. A takardun hukuma kuwa, saboda sirri, an laƙaba wa wurin sunan ɓoye, Moorside.

Yadda ake aikin

A ɓangaren Dornock ake yin abubuwan da suka fi haɗari. Ana kawo ragowar auduga daga masaƙu, a tsince ta, a busar, a jiƙa ta cikin gaurayen asid iri biyu a manyan kaskon yumɓu, sannan a tafasa ta a wanke sau da yawa. A wani gefen kuma, a kan tuddai, ake zuba gilisarin a hankali cikin asid a tukwanen dalma. Aikin mai kula da tukunya shi ne ya zuba wa ma'aunin zafi ido. Idan zafin ya wuce ƙa'ida sai ya buɗe ƙasan tukunyar, komai ya zube cikin wani babban tankin ruwa da ke ƙasa, kafin ya tashi da ɗakin. Naitirogilisarin ba ya son girgiza ko bugu, don haka ba a tura shi da famfo. Gangara ake bari ta kai shi ɗaki na gaba ta cikin kwatami mai shafen dalma, shi ya sa aka ɗora ɗakunan a kan tudu. Kowane ɗaki an kewaye shi da ganuwar ƙasa, domin in ya fashe, ƙarfin ya yi sama maimakon ya afka wa maƙwabcinsa.

Daga nan sai a haɗa ruwan da busasshiyar audugar, mata su cuɗa da hannu a manyan faranta. Jirgi ya ɗauki cuɗaɗɗen zuwa ɓangaren Mossband a Ingila, inda ake zuba shi cikin injin kwaɓa kamar na masu burodi tare da eta da barasa da basilin. Sai a matsa ƙullin ta cikin ƙarfe mai huji-huji ya fito kamar taliya, a yanka, a busar na kwanaki, a gauraya na wannan ɗaki da na wancan don ƙarfinsu ya daidaita, a zuba cikin akwatuna a aika masana'antun ɗura harsashi. Ana aiki dare da rana, kashi uku. A lokacin da take ganiyarta, abin da masana'antar ke fitarwa bai kasa tan 800 a mako ba.

'Yan matan Gretna

A 1917 ma'aikatan da ke cikin masana'antar mata 11,576 ne, maza 5,066. Wato mata sun ninka maza har da ɗoriya. Akasarinsu 'yan mata ne marasa aure, daga ƙauyuka da garuruwan Sikotland da arewacin Ingila da Ayaland. Da yawa cikinsu kafin yaƙi 'yan aikin gida ne, wasu masu wanki, wasu ma'aikatan masaƙa ko gona. Yarinyar da a da take tashi da asuba ta hura wutar gidan wani, ta kwana a ɗakin da uwar gida ta ga dama, yanzu ga ta da albashin da ya fi na da, da sa'o'in aiki ƙayyadaddu, da kuɗin da za ta aika gida ta kuma sai wa kanta sutura. Har ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suka kafa, kamar Mossband Swifts, suna buga wasa a gaban 'yan kallo don tara kuɗin taimakon sojojin da suka ji rauni.

Sai dai wannan 'yanci da igiya a ƙafarsa. A ɗakunan kwana akwai uwayen ɗaki masu lura da shiga da fita. A bakin ƙofar masana'anta kuma akwai 'yan sanda mata, waɗanda yawansu ya haura 150, suna lalube kowa. Ashana, ko sigari, ko fil na gashi, ko maɓalli na ƙarfe, duk haramun ne a shiga da su, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Wadda aka kama da ashana kotu za ta, a ci ta tara. Bugu da ƙari, dokar makamai ta watan Yuli 1915 ta ce ma'aikaci ba zai bar aikinsa ya kama wani ba sai da takardar sallama daga shugabansa, in babu ita sai ya zauna mako shida ba wanda zai ɗauke shi. Ma'aikata sun tsani wannan doka ƙwarai, kuma sai a watan Oktoba na 1917 aka soke wannan sashe nata.

Ga kuma batun lafiya. Tururin asid yana cin dasashi da haƙora, yana ƙona fata da huhu. Naitirogilisarin yana ratsa fata ya kawo matsanancin ciwon kai. Eta kuwa yana sa maye da jiri, har wasu su yanke jiki su faɗi a bakin aiki. Duk da haka Gretna ta tsira daga irin bala'in da ya afka wa wasu wurare. A Barnbow kusa da Leeds, mata 35 suka mutu a fashewa ɗaya ranar 5 ga Disamba 1916. A Silvertown cikin Landan mutum 73 suka halaka ranar 19 ga Janairu 1917. A Chilwell kusa da Nottingham mutum 134 suka mutu ranar 1 ga Yuli 1918. A Gretna an yi gobara da fashe-fashe, an kuma rasa rayuka, amma nisanta ɗakuna da ganuwar ƙasa da tsananin bincike sun hana abin ya kai haka. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Gwamnati ta zama mai gidan giya

Wani abin mamaki a tarihin Gretna shi ne yadda ta sa gwamnati ta shiga cinikin barasa. Dubban leburori maza, ga kuɗi a aljihu, ga iyali a nesa, ga masauki a cunkushe, babu wurin zuwa da yamma sai mashaya. Ranar Asabar sukan cika jirgi zuwa Carlisle. A 1916 mutanen da kotu ta hukunta saboda maye a birnin sun haura 900, fiye da ninki uku na shekarar da ta gabata. Hukuma ta tsorata, domin mashayi da nakiya ba sa zama inuwa ɗaya. Dama tun farkon 1915 Lloyd George ya sha faɗin cewa barasa na yi wa ƙasar ɓarnar da ta fi ta abokan gaba.

A 1916 Hukumar Kula da Cinikin Barasa ta fara sayen mashayu a kewayen Gretna, sannan ta faɗaɗa zuwa Carlisle, ta haɗa har da kamfanonin da ke dafa giyar. Ta rufe mashayu masu yawa. Waɗanda suka rage ta sa musu manajoji masu albashi, waɗanda ba su da kamasho a kan giyar da suka sayar, sai a kan abinci. Ta hana sayar da barasa mai ƙarfi ranar Asabar, ta kuma tsananta dokar da ta hana mutum ya saya wa abokinsa. A watan Yuli na 1916 ta buɗe Gretna Tavern a tsohon gidan waya na Carlisle, inda abinci ne kan gaba. Zuwa 1918 masu laifin maye sun koma ƙasa da 100. Adalci dai shi ne a ce ba tsarin kaɗai ya kawo haka ba, domin a lokacin gini ya ƙare, leburori sun watse, giya ma ta yi ƙaranci a duk ƙasar. Abin lura shi ne, wannan mataki da aka ɗauka na wucin gadi ya fi masana'antar daɗewa da shekara hamsin. Sai a 1971 majalisa ta yi dokar soke shi, aka gama sayar da mashayun a 1973.

Marubuta a ƙofar masana'anta

Dokar tsaron ƙasa ta 1914 ta hana jaridu faɗin inda masana'antun makamai suke ko abin da ke faruwa a cikinsu. Amma gwamnati na son jama'a su san ana aiki, don haka takan gayyato wanda ta amince da alƙalaminsa. A ƙarshen 1916 aka zagaya da Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes. Ya ga 'yan mata cikin kaki suna cuɗa auduga da naitirogilisarin, ya kira abin da suke damawa kunun shaiɗan. Bai ambaci sunan wurin ba sai na ɓoye. Ya yaba tsarin garin, ya yaba ƙwazon matan, ya kuma bayyana cewa daga ranar zai goyi bayan a ba mata ƙuri'a, tun da waɗanda suka taimaka wajen ceton ƙasa sun cancanci a ji ta bakinsu wajen tafiyar da ita. A watan Mayu na 1917 Sarki Joji na Biyar da Sarauniya Mary su ma suka kai ziyara.

Ya kamata 'yan'uwa marubuta su dubi wannan da kyau. Rahoton Repington ya taimaka wajen sauya gwamnati, amma bayanan da ya dogara da su daga babban kwamandan sojan Birtaniya a Faransa, Sir John French, suka fito, mutumin da ke neman wanda zai ɗora wa laifin faɗuwar harinsa. Doyle ya bar wa wurin sunan da ya fi gine-ginensa tsawon rai, amma baƙo ne na ɗan lokaci, ya ga abin da aka nuna masa. Labarin zubewar haƙora da ciwon ƙirji ya fi fitowa ne daga bakin matan da kansu, lokacin da masu binciken tarihi suka fara ɗaukar muryoyin tsofaffin ma'aikatan makamai, bayan shekara hamsin da wani abu, yawancinsu sun riga sun kwanta dama.

Bayan yaƙi

Ranar 11 ga Nuwamba 1918 aka tsagaita wuta, aikin kodayit ya tsaya. Cikin 'yan watanni aka sallami dubban mata. A duk faɗin Birtaniya mata kusan miliyan ɗaya ne ke aikin makamai a ƙarshen yaƙin, kuma tun 1915 gwamnati ta yi wa ƙungiyoyin ƙwadago alkawarin cewa shigar mata ayyukan maza na lokacin yaƙi ne kawai. A 1919 aka yi dokar da ta cika wannan alkawari. Jaridun da jiya suke yi musu kirari suka koma zargin waɗanda suka ƙi komawa aikin gida da girman kai. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Batun ƙuri'a ma haka ya kasance. Dokar watan Fabrairu 1918 ta ba mata ƙuri'a a karon farko, amma sai wadda ta kai shekara 30 kuma ita ko mijinta ke da muhallin da doka ta ƙayyade. Yawancin 'yan matan Gretna ba su kai wannan shekaru ba, ba su kuma da gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1928 aka daidaita mata da maza a kan shekara 21. Ƙwallon ƙafar ma ba a bar musu ba, domin a watan Disamba na 1921 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, hanin da ya kai shekara hamsin.

Ita kuwa masana'antar, an yi ta muhawara a kan ko a riƙe ta ko a riƙe tsohuwar masana'antar albarushi ta Waltham Abbey kusa da Landan. A ƙarshe tsohuwar aka bari. Aka kwance injuna, aka rushe ɗakuna, a 1924 aka yi gwanjon filaye da gidajen garuruwan biyu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, sai gwamnati ta mayar da wasu sassan filin a Longtown da Eastriggs rumbunan ajiyar harsasai, aka ci gaba da amfani da su shekaru da dama bayan yaƙin. Garuruwan Gretna da Eastriggs suna nan da mutanensu. A 1997 mutanen yankin suka fara baje kolin kayan tarihin masana'antar a cikin wani coci, a 2014 kuma aka buɗe gidan tarihi na musamman a Eastriggs mai suna The Devil's Porridge Museum, wato dai kunun nan na Doyle.

Kammalawa

Tarihin Gretna ya nuna cewa yaƙin zamani ya dogara da masana'anta kamar yadda ya dogara da soja. Rundunar da a farkon 1915 ake ƙirga mata harsashi ɗai-ɗai, ita ce ta harba sama da miliyan ɗaya da rabi cikin mako guda kafin harin Somme a 1916, ta kuma harba kusan miliyan ɗaya cikin yini guda a ƙarshen Satumba 1918. Tsakanin waɗannan lokuta akwai Gretna da 'yan'uwanta. Ya kuma nuna cewa gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗin gina wa talaka gida mai kyau a lokacin zaman lafiya, ta gina garuruwa biyu da asibiti da makarantu cikin shekara ɗaya da ta buƙaci guminsa. Haka nan ikon da hukuma ta karɓa da sunan yaƙi ba ya saurin komawa inda ya fito, kamar yadda mashayun Carlisle suka shaida har 1973.

Amma yawan harsashi bai hana zubar da jini ba. A ranar farko ta harin Somme, 1 ga Yuli 1916, bayan duk wannan ruwan wuta, sojojin Birtaniya 19,240 ne suka mutu. Abin da 'yan matan Gretna suka cuɗa da hannunsu ya tafi ne ya faɗa kan 'ya'yan wasu matan a ɗaya ɓangaren, inda su ma mata ke tsaye a masana'antun Jamus suna irin wannan aiki. Kimanin mutum 30,000 ne suka yi wa Gretna hidima, daga leburori zuwa masana. Sunayen ministoci da injiniyoyi da manyan baƙi suna cikin littattafai. Na sauran kuwa, tun 2021 gidan tarihin Eastriggs ya sa masu aikin sa kai suna bin tsofaffin jaridu da takardun kotu da hotunan da jikoki suka adana, suna tattaro su ɗaya bayan ɗaya.